Haƙorin Mamaci Ya Rufe Maganar Baƙar Annoba? Amsa Ga Wata Ɗalibar Tarihi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen tarihi, ina aji uku. A darasin tarihin Turai an koya mana cewa Baƙar Annoba ta kashe kashi ɗaya bisa uku na mutanen nahiyar, kuma ta shiga ne bayan da Mongol suka riƙa cilla gawarwaki ta saman ganuwar wani gari. Kwanan baya kuma na ga labari wai masana kimiyya sun gano ainihin inda ta faro daga haƙoran matattu. Shin magana ta ƙare ke nan? Idan ɗakin gwaji ne zai riƙa ba da amsa, me ya rage wa mai karanta tsofaffin takardu?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son ji: ko abin da ke cikin takardar darasinku yana nan daram, da kuma ko masu farar riga sun ƙwace mana sana'a. Na farkon dai an taɓa shi sosai. Cikin shekaru ashirin ɗin nan kusan kowace jimla a wannan labari sai da aka ɗaga ta aka leƙa ƙarƙashinta. Na biyun kuwa ki kwantar da hankalinki. Haƙori ya faɗi sunan cutar da danginta, ya kuma faɗa da ƙarfin da babu takardar da ke da shi. Amma da aka tambaye shi mutum nawa suka mutu, ta wace hanya cutar ta bi, me ya sa ta share wannan gari ta tsallake wancan, sai ya yi gum.

Bari mu fara da abin da babu jayayya a kansa. A watan Oktoba na 1347 jiragen ruwa suka kai cutar tashar Massina da ke tsibirin Sisili. Cikin 1348 ta ratsa Italiya da Faransa da Sifaniya, ta sauka kudancin Ingila da bazarar wannan shekara, ta kai Norwe a 1349, ta zagaya har Mosko a 1353. A lokaci guda tana cin Iskandariya da Alƙahira da Dimashƙa da Tunis, abin da littattafan Turawa suka daɗe suna ambata da jimla ɗaya su wuce. Alamarta kaluluwa ce mai kumburi a matsematsi ko hammata ko wuya, da zazzaɓi mai zafi, mutum ya tafi cikin 'yan kwanaki. Idan ta sauka a huhu sai tari da jini, wannan kuwa kusan ba a tashi. Larabawa sun kira ta ɗa'un, sunan da kika sani daga hadisin da ya hana shiga garin da take ko fita daga cikinsa. Mutanen Turai na lokacin "babbar mutuwa" suke ce mata. Sunan Baƙar Annoba daga baya ya zo, kuma sai a ƙarni na 19 ya bazu.

Rigimar da haƙori ya raba

A 1894, lokacin da ɗa'un ya ɓarke a Hong Kong, likita Alexandre Yersin ya ware ƙwayar bakteriyar da ke haddasa shi, wadda yanzu ke ɗauke da sunansa, Yersinia pestis. Daga baya aka gane yadda take tafiya: tana zaune a jikin ɓeraye da danginsu, ƙuma ta sha jinin ɓera mai ciwo, ɓeran ya mutu, ƙumar ta rasa abinci ta koma kan mutum. Masana tarihi suka ɗauki wannan hoto na Hong Kong da Bombay suka ɗora wa shekarar 1348, aka zauna a haka kusan shekara tamanin.

Daga shekarun 1980 sai wasu suka fara cewa lissafin bai fita ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A Indiya an ga ɓeraye suna mutuwa a kan titi kafin mutane su fara, amma marubutan Turai na ƙarni na 14, waɗanda suka rubuta har da girgizar ƙasa da ruwan kwaɗi, da wuya ka ji sun ambaci mushen ɓera. Annobar zamani tana rarrafe daga unguwa zuwa unguwa, waccan kuwa ta gama nahiya cikin shekara biyar da ƙafa da jaki da jirgin ruwa mai filafilai. Wani masanin dabbobi, Graham Twigg, ya ce a 1984 wataƙila cutar saifa ce ta dabbobi. Wasu suka ce wani bairos ne mai sa zubar jini. Samuel Cohn, wanda ya karanta takardun wasiyya na Italiya fiye da kusan kowa, ya ce ko ma mece ce, ba ɗa'un ɗin Yersin ba ce. Lokacin da nake ɗalibi wannan ce zazzafar muhawara, kuma ba zan ɓoye miki ba, na fi karkata ga masu shakka.

Haƙori ne ya kayar da mu. Dalilin zaɓensa mai sauƙi ne: a cikinsa akwai wata 'yar tsoka mai jijiyoyin jini, ɓawonsa kuma shi ne mafi tauri a jikin ɗan'adam. Wanda ya mutu ƙwayar cuta na yawo a jininsa, kaɗan daga cikinta za ta maƙale a nan kamar abin da aka rufe a tulu aka liƙe bakinsa. Gwaje-gwajen farko da aka yi a Faransa wajen 1998 zuwa 2000 an yi musu tsiya, an ce gurɓacewar ɗakin gwaji ce, domin wasu sun gwada ba su samu ba. A 2010 sai aka samu ƙwayar a ƙaburburan annoba na ƙasashe da yawa. A 2011 kuma ƙungiyar da ta haɗa da Kirsten Bos da Johannes Krause da Hendrik Poinar ta harhaɗa kusan dukkan DNA ɗin ƙwayar, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonta, daga haƙoran maƙabartar East Smithfield a Landan.

Ki lura da dalilin da ya sa wannan maƙabarta ta yi amfani, domin a nan amsar tambayarki ta biyu take fara fitowa. Takardun birnin Landan ne suka nuna cewa an keɓe filin musamman saboda annobar, a ƙarshen 1348 zuwa 1349, kuma ba a ci gaba da binne mutane barkatai a ciki ba. Ba don wannan ba, da haƙori ne kawai na wani mutum da ya mutu wani lokaci a cikin ƙarni guda. Masu tonon da suka buɗe wurin a shekarun 1980 sun kuma ga wani abu da ya saɓa wa yadda ake zana lokacin: ko a cikin dogayen ramukan da aka binne mutane da yawa, an jera gawarwakin a tsanake, kai na fuskantar yamma, an sa yara a tsakanin manya. Mutane na mutuwa ɗari-ɗari, amma ba a watsar da su kamar shara ba.

Sunan cutar dai ya tabbata. Tambayoyin masu shakka kuwa suna nan da ransu. Har yau ana gardama kan yadda ta yi wannan gudu. Wani bincike na 2018 ya gwada lissafin mace-macen wurare tara na Turai, ya ga cewa a yawancinsu tsarin ya fi dacewa da ƙwarƙwata da ƙumar jikin mutum fiye da ta ɓera. Wasu ba su yarda ba. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, Cohn ya yi kuskure a kan suna, amma abubuwan da ya hango a takardu har yanzu suna neman bayani.

Duwatsun Kara-Djigach

Labarin da kika gani na 2022 ne, kuma yadda ya faru ya isa a koyar da shi a aji. A kwarin Chu, arewacin Kirgistan, ba nisa sosai da tafkin Issyk-Kul, akwai tsofaffin maƙabartu biyu na wata al'ummar Kiristoci 'yan kasuwa, Kara-Djigach da Burana. Rashawa sun tone su tun tsakanin 1885 da 1892, suka kwashe wasu ƙoƙunan kai zuwa gidan tarihi a birnin Saint Petersburg. A kan ƙaburburan akwai duwatsu da aka rubuta sunan mamaci da shekarar mutuwarsa da harshen Suryaniyanci. Wani masanin tarihi, Philip Slavin na Jami'ar Stirling, ya zauna ya ƙirga. Cikin duwatsu 467 masu kwanan wata, waɗanda suka ratsa kusan shekara ɗari, 118 na shekaru biyu ne kacal, 1338 da 1339, kuma a wasunsu an rubuta kalmar da ke nufin annoba. Sannan ya bi littattafan aikin masu tonon na ƙarni na 19 don a gane wane ƙoƙon kai ne ya fito daga wane kabari. Sai bayan wannan wahala Maria Spyrou da abokan aikinta suka ɗauki haƙoran mutum bakwai, suka samu ƙwayar a uku.

Abin da ya sa duniya ta ɗauka shi ne matsayin wannan ƙwaya a bishiyar dangi. Tun 2013 masana suka lura cewa a wani lokaci a baya zuriyar Yersinia pestis ta tsage gida huɗu kusan a tashi ɗaya, kuma daga ɗaya cikin rassan nan Baƙar Annoba ta fito, haka ma yawancin ɗa'un da ke duniya yau. Ƙwayar Kara-Djigach ta zauna daidai a mararrabar, kamar kakar da 'ya'ya huɗu suka rabu daga ɗakinta. Danginta mafi kusa a yau kuma suna jikin wata dabbar daji mai kama da ƙaton kurege, da ke haƙa rami a tsaunukan Tian Shan na wannan yanki.

To an gano asali ke nan? A nan nake cewa a yi hattara da kanun labarai. Mutum uku ne, a ƙauye ɗaya. Sun nuna cewa a 1338 ƙwaya mai wannan kama tana kashe mutane a wurin. Ba su nuna cewa a shekarar ta fara ba, domin ƙwayar kan zauna shekaru a jikin dabbobi ba tare da ta canza ba. Monica Green, wadda ta fi kowa matsa wa masana tarihi su koyi karanta wannan bishiya, tana ganin tsagewar ta faru tun ƙarni na 13, kuma rundunonin Mongol ne suka yaɗa ta da hatsin da suke ɗauka. Ita da Nahyan Fancy sun kawo nassoshin Larabci da ke ambaton annoba bayan faɗuwar Bagadaza a 1258. Wasu masana tarihin Mongol sun mayar da martani cewa nassoshin ba ɗa'un suke nufi ba. Ki duba inda rigimar ta koma: kan ma'anar kalmomin Larabci waba'i, wato annoba kowace iri, da ɗa'un a bakin marubucin ƙarni na 13. Babu injin da zai raba wannan.

Gawarwakin Kaffa

Garin da aka ce muku Kaffa ne, a yankin Kirimiya, bakin Bahar Aswad, wanda yau ake kira Feodosiya. Sansanin kasuwanci ne na mutanen Jenowa, wani birni a Italiya. Gaskiya ne cewa Sarki Janibeg na Mongol ya yi masa ƙawanya bayan wata hatsaniya da ta tashi a garin Tana a 1343. Amma labarin cilla gawarwaki da majaujawa daga bakin mutum ɗaya ya fito, Gabriele de' Mussi, wani magatakarda na garin Piacenza a Italiya. An daɗe ana zaton yana cikin jirgin da ya gudo. Daga baya takardun da ya sa wa hannu suka nuna yana zaune a garinsu duk tsawon lokacin. Jita-jita ya ji ya rubuta, cikin salon wa'azi kan fushin Ubangiji. Rubutun nasa ma ya kwanta ba a san da shi ba har aka buga shi a 1842, amma saboda labarin yana da daɗin faɗa sai ya shiga kowane littafin makaranta.

A 2021 Hannah Barker ta koma kan wasiƙun jakadu da takardun majalisun Fenis da Jenowa, ta jera su wata bi wata. Abin da ta gani shi ne, saboda yaƙin, Italiyawa sun sa wa ƙasar Janibeg takunkumin ciniki, kuma duk tsawon 1346 annoba na cin yankin amma ba ta tsallaka teku ba. A 1347 aka yi sulhu, aka ɗage takunkumi, jiragen alkama suka fara tashi, Italiya kuwa tana cikin ƙarancin abinci tana jiran su. Cikin watanni cutar ta bayyana a Kustantiniyya, Istanbul ta yau, sannan Massina. Duk wanda ya taɓa buɗe rumbu ya san wa ke bin hatsi. Wato sulhu da kasuwa ne suka buɗe mata ƙofa. Wannan gyara gaba ɗayansa da takarda aka yi shi, babu haƙori ko ɗaya a ciki.

Mutum nawa?

A nan na fi daɗewa, domin nan ne aikina ya fi taɓawa. Babu ƙidayar jama'a a Turai ta 1347. Duk adadin da kika ji, kashi ɗaya bisa uku ko rabi ko kashi 60 cikin 100 da Ole Benedictow ya kawo, an gina shi ne daga 'yan wurare da takardunsu suka tsira, aka shimfiɗa a kan nahiya.

Na taɓa yin wasu makonni a wata ma'ajiyar takardu a Ingila ina karanta bayanan kotun gandu. A tsarinsu na lokacin, manomi yana riƙe da gona a ƙarƙashin uban ƙasa, idan ya mutu sai magada su ba uban ƙasa dabba mafi kyau da ya bari, magatakarda ya rubuta. Ana kawo maka abin a naɗe kamar ƙaramar tabarma, fatar tunkiya ce da aka jeme aka ɗinka, sai ka warware a hankali ka danne gefunan da wasu 'yan jakunkuna masu nauyi, da fensir kawai aka yarda ka shiga. Latin ɗin duk a taƙaice yake, kalma mai harafi takwas a rubuta uku a ja layi a sama. Na yi kwana uku kafin idona ya saba. A zaman kotu na shekarun da suka gabata za ki ga mutuwa ɗaya ko biyu, sauran duk ƙarar akuya ta shiga gona ce da tarar mai giyar da ta sayar ba bisa ƙa'ida ba. Da kika iso 1349 sai ƙararrakin su ɓace. Wane ya mutu, saniya. Wane ya mutu, doki. Wane ya mutu, babu dabba domin matalauci ne. Layi bayan layi har a juya bayan fatar. Abin da ya fi tsaya mini shi ne inda za a rubuta ɗa ya karɓi gonar ubansa, a zama na gaba kuma sunan ɗan ne a jerin matattu, a ce gona ta koma hannun uban ƙasa don babu wanda ya zo nema.

Amma wa aka ƙirga? Masu riƙe da gona, yawancinsu magidanta maza. Mata kaɗan ne, yara babu, barori da 'yan ƙodago babu. Wanda ya taɓa aiki da takardun haraji na zamanin En'e a ma'ajiyar Kaduna ya san wannan ciwon: takarda tana ganin wanda hukuma ke da abin karɓa a hannunsa, sauran jama'a duhu ne. Haka rajistar bishop-bishop, inda ake rubuta naɗin sabon limamin coci idan na da ya mutu. A yankunan Ingila da dama ta nuna kashi 40 zuwa 50 cikin 100 sun tafi. Sai dai limami shi ne mai shiga ɗakin mai jinya, shi ne kuma mai cin abinci mai kyau, to ta wane ɓangare zai karkatar da lissafi? Ƙarancin limamai ya kai a watan Janairu na 1349 bishop na Bath da Wells ya rubuta cewa wanda ajali ya zo masa babu limami ya yi iƙirarin zunubinsa ga kowane mutum, in babu namiji ko mace ce. A Givry, wani ƙaramin gari a Burgundi ta Faransa, rajistar coci ta tsira: garin da ke binne wajen mutum 30 a shekara ya binne sama da 600 cikin 'yan watannin ƙarshen 1348.

Waɗannan duk gaskiya ne, amma daga Ingila da Faransa da Italiya suke, inda aka fi rubutu. A 2022 Adam Izdebski da ƙungiyarsa suka zo ta wata hanya. Ƙurar furen tsirrai tana faɗawa tafki kowace shekara ta kwanta a laka, sabuwa a kan tsohuwa, kuma ba ta ruɓewa. Idan aka soka bututu aka zaro lakar, za a iya karanta abin da ya tsiro a kewaye ƙarni bayan ƙarni. Inda manoma suka ƙare, ƙurar alkama da sha'ir za ta ragu, ta ciyawa da itatuwan daji ta ƙaru. Sun duba samfur 1,634 daga wurare 261 a ƙasashe 19. A Faransa, tsakiyar Italiya, Girka, kudu maso yammacin Jamus da Sikandinebiya noma ya rushe, daidai da abin da takardu suka ce. A Ailan, da sassan Sifaniya da Fotugal, da yawancin tsakiya da gabashin Turai kuwa, gonaki sun ci gaba, wani wurin ma ƙaruwa suka yi.

Ina ganin wannan binciken ya yi daidai a babbar maganarsa, cewa annobar ba ta yi wa nahiyar aski iri ɗaya ba. Amma ba na ɗaukar sa a matsayin ƙidaya. Laka ba ta san 1348 daga 1370 ba, tazararta shekaru gommai ce, kuma gona na iya ci gaba da nomuwa don baƙi sun shigo sun gaji ta matattu. Saboda haka idan jarrabawa ta zo, ki rubuta cewa a wuraren da muke da takardu masu kyau mutuwar ta kai tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wato ta fi kashi ɗaya bisa uku da aka saba faɗa, amma ba a da ikon shimfiɗa wannan a kan kowace ƙasa.

Ƙasusuwan East Smithfield sun ƙara wani abu. Sharon DeWitte ta nuna cewa waɗanda jikinsu ke ɗauke da tabon yunwa da ciwo tun yarinta sun fi mutuwa. Manya da yawa na 1348 yara ne a lokacin babbar yunwar 1315 zuwa 1317 da annobar shanu da ta biyo baya. Cutar ta tarar da mutane a raunane.

Akwai kuma misalin da ɗakin gwaji ya yi gaggawa. A 2022 wani bincike ya ce masu wani nau'in ƙwayar gado da ake kira ERAP2 sun fi tsira, kuma shi ya sa jikokinsu ke fama da wasu cututtukan garkuwar jiki yau. Jaridu suka yi ta yayatawa. Wasu masana suka sake lissafin suka ce samfurin ya yi kaɗan, hujjar ba ta kai ba. Idan kin ga irin wannan labari, tambayi mutum nawa aka gwada, daga ina, kuma wa ya sa musu kwanan wata.

Abin da mutane suka yi da abin da ya same su kuwa, wannan gonarmu ce mu kaɗai. Likitocin Jami'ar Paris sun rubuta wa sarki a 1348 cewa haɗuwar Zuhalu da Mushtari da Mirrihu a 1345 ce ta ɓata iska. A Strasbourg an ƙone Yahudawan garin a Fabrairun 1349 bisa ƙagen sun sa guba a rijiyoyi, tun cutar ba ta iso ba, duk da Fafaroma Clement na shida ya fitar da takarda yana cewa su ma mutuwa suke yi. A Ingila ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, sarki ya yi dokar 1349 da ta 1351 don a mayar da shi yadda yake, kuma wannan tsamin yana cikin abin da ya haifar da boren manoma na 1381. A 1377 birnin Ragusa, Dubrovnik ta yau, ya fara killace masu zuwa daga garin annoba kwana 30. Cutar ta yi ta dawowa har Landan a 1665 da Marsai ta Faransa a 1720, kuma ko ɓoyewa take yi a dabbobin Turai ko sake shigo da ita ake yi daga gabas, wannan ma ana kan ja.

Ta tsallako Sahara?

Na san za ki yi wannan tambaya, don kowane aji sai an yi mini ita. An daɗe ana cewa hamada ta tare ta. Ibn Battuta ya ga annobar da idonsa a Dimashƙa a 1348, ya ratsa Mali a 1352 zuwa 1353, ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagulla, amma bai ce ya ga ɗa'un a ƙasar baƙar fata ba. Sai dai masu tono sun fara ganin wani abu. Gérard Chouin ya lura cewa garuruwa masu ganuwar ƙasa a kudancin Gana, irin su Akrokrowa, an watse daga cikinsu a wajen rabin ƙarshe na ƙarni na 14. A Kirikongo ta Burkina Faso, Stephen Dueppen da Daphne Gallagher sun ga gari ya ƙanƙance a daidai wannan zamani. Zato ne mai ƙarfi, amma watsewar gari tana da iyaye da yawa: yaƙi, fari, sauyin hanyar fatake. Zafin ƙasarmu kuma yana cinye DNA da sauri fiye da sanyin Landan, don haka shaidar haƙori a nan za ta yi wuyar samu. Ni ba masanin tono ba ne, ba kuma na aiki a ɗakin gwaji, abin da suka buga nake karantawa kamar ke, in auna shi da abin da na sani.

Inda nake ganin ɗaliba irinki za ta iya sa hannu shi ne Larabci. Ibn Khaldun ya rasa iyayensa biyu a wannan annoba a Tunis. Ibn al-Wardi ya rubuta a kanta a Halab, ta kashe shi a 1349. Al-Maƙrizi ya bi zuwanta da dawowarta a Masar shekara bi shekara, Ibn Hajar al-Asƙalani kuma, wanda ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya yi littafi sukutum a kan ɗa'un. Yawancin masu binciken tarihin Turai Latin suka iya, waɗannan nassoshi ta fassara suke isa gare su, rabi da rabi. Idan kin yi Islamiyya har kina iya buɗe littafin tarihi na Larabci da ƙamus a gefe, kina da abin da da yawansu ke nema. Ki fara da shekarar 749 ta Hijira a wajen al-Maƙrizi, ki riƙa rubuta kowane gari da watan da ya ce cutar ta isa, sannan ki ɗora a kan taswira ki gwada da kwanakin Massina da Marsai.